Yadda Muka Ɗauki Fim ɗin 'Yan Agajin Titin Zariya

Sana'ata ɗaukar hoto ce da haɗa shi. Na yi aiki a lokeshan na finafinan Hausa, na ɗauki biki da suna da wa'azi, na kuma yi wa ƙungiyoyi gajerun shirye-shirye. Tunanin yin fim a kan masu ceton mutane a hatsarin mota ya zo mini ne bayan gobarar tankar mai ta Majiya, a ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, daren 15 ga Oktoban 2024, wadda ta ci rayuka sama da 150. Kwana da kwanaki wayoyinmu cike da bidiyon wuta da gawarwaki, wannan ya turo, wancan ya turo. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗansu mutane da ke giftawa ta gefen hoton, sun ɗaure hanci da ƙyalle, suna ɗauka suna ajiyewa, kuma babu mai wayar da ya juya ya bi su. Su na so in bi.

Ban nufi Majiya ba, don mutanen can suna cikin zaman makoki, ba lokacin kai musu kyamara ba ne. Titin Kano zuwa Zariya na zaɓa, saboda na san shi tun ina yaro: daga Na'ibawa a bi ta gadar Tamburawa, a wuce Kura da Dakatsalle da Ciromawa har Kwanar Dangora. Duk wanda ke bin hanyar nan yana da wata kwana ko wata gada da in ya zo wucewa sai ya tuna wani nasa.

Na fara da yawo a bakin titi ba tare da kyamara ba. In zauna wurin mai shayi, ko mai faci, ko 'yan kamasho, in yi tambaya guda: idan aka yi hatsari a nan da tsakar dare, wa ake kira? Kowa ya san 'yan Rod Sefti, wato jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra, wasu ma sun haddace lambarsu ta gaggawa, 122. Amma a wani gari da ke tsakanin Kura da Kwanar Dangora, duk wanda na tambaya sai ya ƙara da cewa, “kafin su iso dai, Kwamanda ake bugawa.” Sun roƙe ni kada in ambaci sunan garin ko na mutanen a rubuce, kuma na yi alkawari.

Kwamandan dattijo ne, tela, shagonsa na kallon titi. Yaransa kuwa akwai mai faci, akwai malamin firamare, akwai mai kemis, da 'yan acaba, da manoman rani. Wasu sun samu horon taimakon gaggawa a rundunonin agaji na addini, na Jama'atu ko na Izala ko na Fityanu, wasu a Red Cross, biyu daga cikinsu kuma suna cikin masu aikin sa-kai da Hukumar Kiyaye Haɗurra ke kira sifeshal mashal. A masallaci kowa da inda yake sallah, amma a bakin titi ba na jin na taɓa jin an tayar da zancen. Motarsu tsohuwar bas ce da wani ɗan kasuwa ya ba su sadaka. Sun cire kujerun baya, mai walda ya ƙera musu gadon ƙarfe ya kafe shi da noti, jiniyar kuma a Ƙofar Ruwa suka sayo ta, ta hannu.

Da na gama yi masa bayani, Kwamanda bai ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinkinsa ba sai da ya kai ƙarshen layin da yake yi. Sannan ya ce, “Malam, na ji. Amma ina da sharuɗɗa. Ba za ka ɗauki fuskar wanda ya ji ciwo ba. Ba za ka ɗauki gawa ba, ko a rufe take. Macen da hatsari ya rutsa da ita kuwa ko ƙafarta kada in gani a injin ɗinka. Sannan idan hannu ya yi mana kaɗan na ce ka ajiye, ka ajiye.” Na ce, “Ranka ya daɗe, to me zan ɗauka?” Ya ce, “Mu ka ce ka zo ɗauka, ai ga mu.”

Waɗannan sharuɗɗa su suka gina fim ɗin tun daga tushe har sama. Na yarda da su a ranar don ba ni da zaɓi, daga baya na yarda da su don na ga dalilinsu da idona.

Harkar takardu ba ta da daɗin labari. Mun kai gaisuwa wurin dagaci da hakimi, mun rubuta wa ofishin 'yan sanda da na Rod Sefti na yankin, mun nemi izinin shugaban asibitin da aka fi kai mutane. Mun shirya takardar amincewa da Hausa, ta boko da ta ajami, wanda bai iya karatu ba a karanta masa ya amsa da bakinsa a naɗa. Mu uku ne: ni da kyamara, wani ƙanena a kan sauti, da wata abokiyar aikinmu da ta ɗauki nauyin duk hirar da ta shafi mata.

Lokacin hunturu muka fara, kuma ƙura ta ba mu wahala ƙwarai. Ba a canza gilashin kyamara a waje, sai an shiga mota an rufe ƙofa. Batura a shagon mai cajin waya muke cika su, da sola. Duk abin da aka ɗauka a ranar sai an kwafe shi wuri biyu kafin a kwanta. Babbar fitilar da na zo da ita ba ta yi amfani ba ko sau ɗaya, domin haskenta zai kashe wa direban da ke tahowa ido, a je ceto a jawo wani hatsarin. Da hasken tocila da fitilun motoci muka yi aikin dare, shi ya sa hoton ya fito da duhu-duhu da ɗan yashi a cikinsa. Abin da ya fi kowane kaya amfani shi ne ƙaramin makirufo da muka maƙala a wuyan rigar Kwamanda.

Mafi yawan aikin 'yan agaji jira ne, kuma a jiran nan na fahimci yadda abin ke tafiya. Bayan sallar isha'i masu kwana suna taruwa a kan benci a ƙofar shagon tela, da ɗan garwashi a kasko. Motar kullum a kan 'yar gangara ake ajiye ta, hancinta na kallon titi, saboda batirinta ba abin dogaro ba ne, in ta ƙi tashi mutum biyu sun isa su tura. Akwai wani littafi mai bangon kwali, na 'yan makaranta, da malamin firamaren ke riƙewa. A ciki ake rubuta karo-karon ranar Juma'a: wane naira ɗari biyu, wane ɗari biyar, mai shayi ya ba da dubu, wani direba da suka taɓa ceto ya aiko da galan ɗaya na fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 littafin nan ya shiga wani hali, kuma a lokacin da muke ɗauka lita ta haura naira dubu. Dokarsu ita ce tanki ba ya sauka ƙasa da rabi. Na ga daren da ya sauka, na ga ɗan acaba ya kwance tiyon babur ɗinsa ya tsiyaye abin da ke ciki a gora ya juye wa motar, ya tura babur ɗin gida da ƙafa. Wannan yana cikin fim ɗin, ban yanke ko daƙiƙa ba.

A irin wannan hira ta dare na ba su labarin Abdul Sattar Edhi na Karachi a Pakistan, wanda ya fara da mota guda, kafin rasuwarsa a 2016 gidauniyarsa ta zama mai jerin motocin asibiti na sa-kai da ake cewa babu kamarsa a duniya. Na kuma ba su labarin Aamin Ambulance ta Mogadishu, wadda wani likitan haƙori, Abdulkadir Abdirahman Adan, ya kafa a 2006, take ɗaukar mutane kyauta a garin da bam ke tashi. Sun saurara sosai. Tambayar da direban motar ya yi mini ita ce, “To su ina suke samun kuɗin mai da na taya?” Nan hankalinsu yake, kuma da gaskiyarsu.

Kira yakan zo ne daga mai shayi, ko mai gadin gidan mai, ko direban da ya wuce ya gani. Zan ba da labarin guda ɗaya, wanda ya zama ƙashin bayan fim ɗin.

Wajen ƙarfe biyun dare ne, hazo ya sauka. Tirela ta lalace ta tsaya a kan hanya ba fitila ba alama, wata Sharon cike da fasinja ta zo ta shige ƙarƙashinta ta baya. Da muka isa, abin da na fara gani ya ba ni mamaki: yara biyu sun diro daga mota, ba su nufi wurin hatsarin ba, sai suka ruga baya, inda motoci ke tahowa, da tocila da rigar nan mai ƙyalli, suna karya rassan bishiya suna jerawa a kan kwalta. Kwamanda ya sha gaya mini cewa hatsari na biyu, wanda ke afka wa masu ceto da 'yan kallo, yakan fi na farko muni. Wani kuma ya zagaya ya cire kan batirin Sharon ɗin, yana ta faɗa da ƙarfi kada kowa ya kunna sigari.

Akwai wani saurayi a gefen titi yana ihu, hannunsa ya karye. Kwamanda ya dafa shi ya ce “sannu, ina zuwa,” ya wuce shi. Wurin wani bawan Allah da ke kwance shiru ya durƙusa, ya kai kunnensa bakinsa, ya sa yatsa ya share masa baki, ya ɗan gyara masa haɓa. Mai ihu yana numfashi, shi ya sa yake iya ihun, wanda ya yi shiru shi ne abin tsoro. Jama'a sun riga sun taru, kuma da kyakkyawar niyya wasu sun kama wani dattijo, wannan ya riƙe hannu wancan ya riƙe ƙafa, za su ciccibe shi. Muryar Kwamanda a nan ta canza. “Kada ku ɗaga shi! Ku sake shi a hankali!” Ya sa mai kemis ya durƙusa ta saman kan dattijon ya tallafe shi da tafukan hannu biyu, kada wuyan ya motsa. Aka kawo wani faffaɗan katako da suke yawo da shi, mutum huɗu suka jera, ya ƙirga, suka mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu a layi guda, aka zura katakon. Idan ƙashin wuya ko na baya ya tsage, irin ɗaukar hannu da ƙafar nan ita ke ƙarasa yanke laka, mutum ya tsira daga mota ya shanye a hannun masu taimakonsa.

Wani ya zo da ledar ruwa zai ɗura wa wanda ke kwance, aka riƙe hannunsa. Wanda hankalinsa bai dawo daidai ba ruwan zai iya sarƙe shi ya wuce huhu, kuma in aiki za a yi masa a asibiti, cikin da ba komai ya fi. Inda jini ke zuba kuwa ba ƙasa ake barbaɗawa ba, ba toka ba, ƙyalle mai tsabta ake ninkewa a danne da ƙarfi, in ya jiƙe a ɗora wani a kai ba tare da an cire na farko ba.

Duk wannan na ɗauke shi daga ƙugu zuwa ƙasa: hannuwa cikin safa, katako, takalma, hasken tocila a kan kwalta. Can sai na ji, “Malam, ajiye!” Na ajiye kyamarar a kujerar mota na zo. Wata mata ce ta maƙale a kujerar tsakiya, ana buƙatar mai riƙe ƙofa yayin da ake banƙare ta da ƙarfe. Kafin a fito da ita, Kwamanda ya sa an ɗauko zani daga cikin zannuwan da matarsa ke wankewa ta ninke musu a jaka, mutum biyu suka riƙe shi ya zama labule. Ba ni da hoton wannan ko guda. Amma makirufon wuyansa bai daina aiki ba, kuma ya kama muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, “Sannu Hajiya. Kina ji na? Ya sunanki? Kada ki juya wuyanki, mu za mu juya ki. Yaronki yana nan, lafiyarsa ƙalau, ga shi can an riƙe shi.” A fim ɗin, wurin nan allon baƙi ne ƙirin na kusan minti biyu, sai murya da ƙarar ƙarfe. Duk inda muka nuna shi, a nan ake yin tsit.

Ina so in yi magana a kan masu waya, don abin yana ci mini rai. A daren nan na ga mutum sama da goma sun ɗaga waya a kan mutanen da ke kwance cikin jini, wasu tufafinsu sun yage. Kafin gari ya waye hoton zai iya isa wayar uwa ko mata, ta ga ɗanta ko mijinta a Facebook kafin kowa ya zo ya yi mata magana ta hankali. Ni ma da kyamara na zo, na sani, kuma abin da ya raba ni da su shi ne sharuɗɗan tela da takardar amincewa, ba wani abu ba. Dabarar Kwamanda ta burge ni. Ba ya zagi, ba ya ƙwace waya. Sai ya nuna mutum ya ce, “Kai mai farar riga, kunna fitilar wayar nan ka haska mini nan. Kai kuma zo ka riƙe wannan.” Yawancinsu nan take suke zama masu taimako, da ma rashin sanin abin yi ne ya sa su ɗauka.

Akwai wani aiki da ban taɓa tunaninsa ba sai da na gani. Mutum guda aikinsa kawai tattara wayoyi da kuɗi da jakunkuna, a gaban shaidu biyu, yana faɗa da ƙarfi ana rubutawa, a damƙa wa jami'ai in sun iso. Sunan ƙungiyar ya dogara da wannan jaka. Da 'yan Rod Sefti suka iso da motarsu, ba a ɓata lokaci ba, aka raba masu raunin, kowa ya san na wanda zai ɗauka.

A asibiti ba mu shiga da kyamara sashen gaggawa ba, a baranda muka tsaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili, har da tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Kwamanda yana yawo da kwafin shafin a aljihun gaba, ya yi laushi don ninkewa. Ban ga an kore su ba. Abin da na gani shi ne ma'aikaciyar jinya guda da mutum bakwai a kwance, kuma safar hannu da ruwan ƙari da zaren ɗinki duk sai an sayo. Daga littafin karo-karo kuɗin ke fita kafin dangi su zo, wani lokaci a mayar musu, wani lokaci a ce Allah ya saka. In ana neman jini, su ne dai ke nannaɗe hannun riga. Masu karaya mai tsanani a wuce da su asibitin ƙashi na Dala, waɗanda suka bugu a kai a nufi asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma man zuwa Kano da dawowa wani nauyi ne daban.

Waɗanda suka cika kuwa, ba mu ɗauki komai ba, hira kawai muka yi. Fasinjan da ya hau a tasha akwai sunansa da lambar ɗan'uwansa a takardar fasinja. Wanda ya tare mota a bakin hanya don sauƙin kuɗi, babu wanda ya rubuta shi. Sai a cire layin wayarsa a sa a wata, a nemi lambar da aka ajiye da “Inna” ko “Yaya”. Malamin firamaren ne ke yin wannan kira, kuma ya ce ba ya taɓa faɗa wa mace ko tsoho kai tsaye, sai ya nemi a ba shi wani namiji babba a gidan. In an yi cigiya an rasa dangi, hukuma ta ba da izini, su ne masu wanka, su ne masu sallah. Likkafanin a shagon Kwamanda ake yankawa. Abokiyar aikinmu ta yi hira da matarsa a tsakar gida, hannuwanta kawai muka nuna tana ninke zannuwan nan. Ta ce duk daren da waya ta yi ƙara ba ta komawa barci, sai ta ɗora ruwan zafi ta jira shi, don ta san da jini a jikinsa zai dawo.

Muna tsakiyar ɗauka aka yi gobarar tanka a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, ranar 18 ga Janairun 2025, mutum sama da 80 suka rasu, yawancinsu wurin kwasar mai. Washegari Kwamanda ya zagaya makarantun allo da majalisun matasa yana jan kunne a kan tankar da ta faɗi, muka bi shi. Muna kan haɗa fim ɗin kuma, a ƙarshen watan Mayun 2025, motar tawagar 'yan wasan Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a wannan titin dai, mutum 22 suka rasu, saura ƙiris su iso gida.

Wurin editin an yi gardama. Wani da muka nemi tallafinsa ya kalli somin-taɓi ya ce fim ɗin hatsari ba jini ba zai ja masu kallo ba, ya kawo shawarar mu cike da bidiyon da ke yawo a intanet. Mun ƙi, tallafin bai samu ba, muka ƙarasa da kuɗin ɗaukar biki. Ba mu sa kiɗa ba, ƙarar titi da jiniya da keken ɗinki sun wadatar. Alƙaluma kaɗan muka rubuta a allo: Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ce mutum 5,421 ne suka mutu a hatsarin mota a Najeriya a 2024, sama da 5,081 na 2023, kuma 411 daga cikin na 2024 wurin kwasar man tanka suka mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta kusan mutum miliyan 1.19 a duniya duk shekara. Na hukumarmu lissafin abin da ya zo hannunta ne, wanda dangi suka ɗauke daga bakin titi suka binne kafin azahar ba lallai ya shiga ba.

Sannan muka bi duk wanda muryarsa ta fito, gida-gida, muka kunna masa ya ji. Matar da aka ciro daga Sharon ta saurara ita da mijinta, ta yi kuka, ta ce a bar muryarta a fim ɗin. Wani mutum ya ce ba ya so 'ya'yansa su ji shi yana wannan ihu, muka cire.

'Yan agajin da iyalansu muka fara nuna wa, a filin makarantar firamare, da farin yadi a jikin bango. Gyara guda suka nema. Akwai inda wani yaronsu ya danne rauni da hannu ba safa, suka ce ko a cire ko a rubuta a ƙasa cewa kuskure ne, don kada mai kallo ya koya. Muka rubuta, muka ƙara da cewa in babu safa ko leda mai tsabta a zura hannu a ciki.

Daga nan muka shiga tashoshin mota, da izinin shugabannin ƙungiyar direbobi. Tambayoyin direbobi sun fi na kowa ma'ana: in mutum ɗaya ne kai kaɗai a daji ya za ka yi, a cire wa ɗan acaba hular kwano ko a bari, in ka kai mutum asibiti ya cika a motarka wa zai tsaya maka a wurin 'yan sanda. Wannan ta ƙarshen ita ce ke sa da yawa su wuce ba su tsaya ba, kuma sun faɗa a fili. Saboda tambayoyin nan muka yanko gajerun bidiyo na minti ɗaya-ɗaya daga fim ɗin don WhatsApp, ɗaya a kan ɗaukar mai rauni, ɗaya a kan tsayar da jini, ɗaya a kan tare hanya, ɗaya a kan tanka. Shugaban wata tasha ya nemi Kwamanda ya riƙa zuwa duk ranar Asabar ta farkon wata yana koya wa direbobi da kwandastoci a aikace, su kuma za su riƙa zuba wa motar agajin mai. An fara, kuma ina zuwa ina ɗauka, don darussan na gaba a kan ƙuna ne da ciro mutum daga motar da ta kife.